Wakilin Wa Kake, Kuma da Kuɗin Wa?

Samarin Zangon Wagadugu, yau da ku nake, kuma ba zan sassauta ba. Wata ɗabi'a ta shigo mana unguwa, ta zauna daram har an daina ganin muninta. Yaro ya kwana ba shi da aikin yi, ya wayi gari ya shafe gaban shago da fentin wani kamfani, ko ya sa kwat ya rataya jaka, ya ce shi yanzu wakili ne mai zaman kansa, ba mai ba shi umarni. Ka tambaye shi nawa ya zuba, zai faɗa maka yana hura hanci. Ka tambaye shi nawa ke saura a ƙarshen wata in an cire haya da wuta da abinci, sai ya ce Allah dai ya sa albarka. Ka ce masa in kuɗin nan suka salwanta wa zai biya, sai ya ɓata rai, wai kana yi masa mugun baki. Alhali kuɗin ba nasa ba ne. Adashin uwarsa ne, ko sarƙar yayarsa da aka kai kasuwa, ko abin da kawunsa ya aiko daga Abijan don a gyara rufin ɗaki kafin damina.

Kada wani ya ce ina ƙyamar wakilci. Wanda ya san asalin Zango ba zai ƙyamace shi ba, don da shi aka kafa unguwar. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, waɗansu ayarinsu ta ƙasar Mosawa suke ratsawa, ɗauke da kanwa da baƙin rini da kayan fata. In baƙo ya sauka, gidan wani ɗan gari yake sauka. Mai gidan ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye, a yi ciniki, a fitar da la'ada. Dukansu da dukiyar wani suke aiki. Tsohon Zangonmu na tsakiyar gari, wanda Mosawa ke kira Zangwetin, kan wannan sana'a ya rayu, har zuwa 2003 da aka rushe shi tare da maƙwabtansa don aikin sake fasalin gari da ake kira ZACA, aka watsa mutanensa gefen gari. Shekarar ce kuma babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mutanen da suka ga waɗannan masifu biyu a shekara guda suka kuma miƙe, ba wanda zai koya musu haƙuri a kan kasuwanci.

Sai dai dillalin wancan zamani ya san abin da yake sayarwa. In goro ne, yakan buɗe huhu ya duba ganye, ya tsinci mai tsutsa ya fitar. In sa ne, yakan duba haƙori ya taɓa tozo. Ya san mai kaya ido da ido, ya san garinsu, wani lokaci ma ya san ubansa. Kuma akwai wanda ya tsaya masa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a kan haka a 1969, inda ya nuna yadda masu gida Hausawa ke lamuncewa a cinikin shanu: in mahauci ya karɓi shanu bashi ya kasa biya, mai gida ne ke biyan baƙonsa daga aljihunsa, don in bai biya ba, labari zai kai Arewa, ba wanda zai ƙara sauka gidansa. Wato mai ƙarfi a cikin cinikin shi ke ɗaukar nauyin asara. Malamanmu na zaure ma haka suka karantar. A babin ƙiradi na littattafan Malikiyya, wanda ya ba da jari shi ke asarar jari, wanda ya yi aiki ya yi asarar guminsa, muddin bai yi sakaci ko ha'inci ba. Wakili kuwa amintacce ne, ba a ɗora masa abin da ya lalace ba da laifinsa ba.

To, ƙanena, ɗauko takardar da ka sa wa hannu, in ma ka karanta ta, ka duba ko haka take. Jari naka. Haya taka. Fenti da allon talla da teburi da kujera naka. In ɓarawo ya shigo, asara taka. In ka tura kuɗi lambar da ba ita ba, kai za ka yi ta bin layi. Suna da tambari da farashi da dokoki duk na kamfani ne, kuma yana iya sauya su ba tare da ya shawarce ka ba. Ba ka da albashi, ba ka da hutu, ba ka da fansho. In zazzaɓi ya kayar da kai kwana biyar, kwana biyar ba ka samu ko dala ba. Ban ce tsarin haramun ne ba, ban kuma ce ba a cin abinci da shi ba. Ana ci, ga mutane nan suna ciyar da iyali da shi. Abin da nake ƙi shi ne ka shiga ido rufe, kana kiran kanka mai gida, alhali ka ɗauki wahalar yaron shago ka haɗa da asarar mai shago.

Mu fara da wanda ya fi yawa a titunanmu, wato shagon ajiya da cirar kuɗi ta waya. Tun da Orange ta sayi Airtel ta Burkina a 2016, kuma Onatel ta koma amfani da sunan Moov Africa a 2021, da wuya ka yi tafiyar minti biyar a babur ba ka wuce allunansu ba. Sana'a ce ta halal, mai amfani ga jama'a. Tsohuwar da ɗanta ke aiki a Kumasi ko Bobo ba ta ƙara jiran direban mota. Amma sana'a ce ta lissafi zalla, mu kuwa lissafin ne muke gudu.

Kuɗin mai irin wannan shago kashi biyu ne: tsabar da ke cikin aljihun teburi, da adadin da ke cikin waya. Wani ya zo ajiya, tsaba ta ƙaru, na waya ya ragu. Wani ya zo cira, tsaba ta ragu, na waya ya ƙaru. Ko sau ɗari aka yi haka a yini, in an haɗa biyun da dare dole su koma daidai abin da aka fara da shi da safe. Ba riba a cikinsu, ko tamma ɗaya. Riba tana can wani wuri, ita ce ɗan kamashon da kamfani ke lissafa maka. Wannan magana ce da ɗan firamare zai gane, amma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Aljihun teburi cike da jaka goma-goma, sai ido ya ruɗe. A zari jaka biyu a sayi shinkafa da nama. A zari biyar a kai gudummawar suna. Aboki ya zo da fuskar tausayi, a tura masa ashirin, wai gobe zai kawo. Budurwa ta ce katinta ya ƙare. Ba a rubuta ko ɗaya ba, don a ganinsa kuɗinsa ne. Bayan wata huɗu mai cira ya zo da jaka hamsin a ce masa babu tsaba, mai ajiya ya zo a ce masa babu a waya, su tsallaka shagon gaba, ba su ƙara dawowa ba. Sai ka ji ana cewa kasuwa ta mutu, ko an yi masa asiri. Ba wanda ya yi maka asiri. Uwar kuɗi ka cinye.

Ga misali, kowa ya sa nasa alƙaluman a gurbin nawa. A ce kamashonka na wata ya kai jaka 60, wato sefa 60,000. Haya ta ɗauki 15. Wuta da katin kira da man babur na zuwa wurin babban dila sun ɗauki 10. Yaron da ke zama maka in ka fita ya ɗauki 15. Saura 20, ba a yi maganar abincinka ba. Yanzu a ce rana ɗaya wani ɗan damfara ya nuna maka saƙon bogi a wayarsa, ko ya kira ka da muryar ma'aikacin kamfani ya sa ka danna waɗansu lambobi, jaka 50 ta tafi. Ribar wata biyu da rabi ke nan, a minti biyu. Ban kawo maganar masu bindiga a kan babur ba, waɗanda suka san cewa duk shagon da ke da wannan allo akwai tsaba a ciki. Wanda ya yi wannan lissafi a takarda ya ga zai iya, Allah ya ba da sa'a, ni ma zan zo ajiya wurinsa. Wanda bai yi ba, caca yake yi da kuɗin uwarsa.

Shi kansa kamashon ba naka ba ne da za ka jingina da shi. Da kamfanin Wave ya shigo Senegal da Kwaddibuwa da kuɗin tura kashi 1 cikin ɗari, ajiya da cira kyauta, manyan kamfanoni dole suka rage farashi. Jama'a sun ji daɗi, kuma sun cancanci jin daɗin. Amma ragin daga wani wuri aka yanko shi, kuma masu shaguna na cikin waɗanda aka yanka, har a 2022 masu wuraren ajiya da cira a Kwaddibuwa suka rufe shagunansu don nuna fushi kan abin da ake ba su. A Najeriya masu POS sun ga nasu: farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, tsaba ta ɓace, a 2024 kuma aka ce kowa ya je ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni. A nan yankinmu dokar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 kan kuɗin waya ta fi mai da hankali ne ga kare kuɗin mai ajiya. Jarin da ka zuba a shagonka, kai ne mai gadinsa. Shi ya sa masu wayo ba sa tsayawa a kan allo ɗaya. Za ka ga suna riƙe da layin kamfani biyu ko uku, ga cajin waya, ga ruwan sanyi, ga ɗan sukari da madara a kanta. Ranar da kamasho ya faɗi, shago bai faɗi ba.

Mai shagon waya dai in ya yi ganganci, mafi yawa kansa da gidansu ya cuta. Akwai wanda ya fi shi laifi nesa ba kusa ba, kuma a kansa ne raina ya fi ɓaci.

Shi ne mai kwat ɗin nan da ke kiran taro a bayan gida ko a ɗakin otal, ana tafi ana ihu, ana nuna hotunan motoci da na Dubai. Kayan da yake cewa yana wakilta, agogo ne ko abin wuya ko wani faranti na gilashi ko garin magani, da shi kansa bai taɓa ganin wanda ya shigo da ƙafarsa ya ce a sayar masa ba. Kafin a karɓe shi sai da ya sayi kayan da kuɗi masu nauyi. Hanyar da zai mai da kuɗinsa guda ce: ya kawo mutum biyu su saya, kowannensu ya kawo biyu. To, wa zai kawo? Ba ya iya tare baƙo a kasuwar Sankaryare ya ce masa kawo jaka ɗari biyar. Sai ya waiwayi waɗanda ba za su iya ce masa a'a ba: ƙanensa, abokin karatun allonsa, matar wansa, ɗan ƙanwar babarsa da ke Maraɗi ko Tawa. Ya kira shi a waya ya ce taho, na samo maka aiki a Wagadugu, kamfanin Turawa ne, amma akwai kuɗin cike takardu. Yaro ya sa a sayar da akuyoyi da ɗan filin gado, ya hau mota. Ya iso ya tarar ba aiki, sai ɗaki guda da samari goma sha a kan tabarmi, kowa na latsa waya yana kiran nasa dangin da irin ƙaryar da aka kira shi da ita.

Wannan ba kasuwanci ba ne. Cin amana ne, kuma amanar zumunci, wadda ta fi kowace tsada a wurin mutumin Zango, don mu baƙi ne asalinmu, ba mu da gona a nan sai sunan kirki. Ka san an cuce ka. Ka sani tun makon farko. Maimakon ka haɗiye asararka ka gargaɗi na baya, sai ka zaɓi ka miƙa ta ga ɗan'uwanka don kai ka fita. Kada ka ce mini kai ma yaudararka aka yi. Ranar farko an yaudare ka, gaskiya ne. Daga ranar da ka ɗaga waya ka kira wani, kai ne mayaudarin.

In kuma har yanzu kana ganin abin zai yi, zauna mu ƙirga. Kowa ya kawo biyu. Hawa na farko mutum 2, na biyu 4, na uku 8. Hawa na 10 mutum 1,024. Hawa na 20 ya haura miliyan ɗaya. Hawa na 25 shi kaɗai yana buƙatar sama da mutum miliyan 33, alhali ƙidayar 2019 ta nuna duk Burkina Faso, har da jarirai, ba mu kai miliyan 21 ba. Kuma ko a wane hawa aka tsaya, kusan rabin duk waɗanda suka shiga suna layin ƙarshe, sun biya ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Ba ƙoƙarinka ne ya gaza ba, ba kuma rashin imani ba ne kamar yadda suke faɗa muku a taro. Tsarin ne ba ya tsayuwa sai da masu asara.

Hukuma ma ta gani. A watan Yulin 2024 gwamnatin Burkina Faso ta haramta irin wannan saye da sayarwa ta jawo mutane da ake yi da sunan QNET, kamfanin da aka kafa a Hong Kong a 1998. Kamfanin ya sha cewa shi kaya yake sayarwa, ba ya alƙawarin aiki ko biza, kuma 'yan damfara ne ke fakewa da sunansa. To, ko da an ɗauki maganarsa yadda take, ina ta bar ka? Ta bar ka kai kaɗai a gaban ɗan sanda, don mai kayan ya riga ya ce ba shi ya aike ka ka yi ƙarya ba. Kuma kada a ɗauka suna ɗaya ne matsalar. A Amurka ma, inda aka ƙirƙiro wannan salon ciniki, kamfanin Herbalife sai da ya amince ya biya dala miliyan 200 a 2016 ya kuma sauya tsarinsa, bayan hukumar kare masu saye ta tuhume shi da ruɗar wakilansa kan abin da za su samu. An rufe wani suna yau, gobe wani zai fito da sabuwar riga da sabon garin magani.

Na san amsar da ake bayarwa in an ƙure: ai Alhassan Ɗantata ma wakili ne. Haka ne. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa a Kano. Amma a duba wane ne aka ɗauka. Mutum ne da ya riga ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin Gwanja da Akara da ƙasar Hausa, har yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Ya zo wa kamfanin da jarinsa da yaransa da sanin ƙauyukan da gyaɗa take, wato Turawan ne ke buƙatarsa. Bai kuma bar sauran sana'o'insa ba don an ba shi wakilci. Da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa azurfarsa ajiya. Wanda ke zarar jari yana sayen tsire ba ya tara abin da raƙumi ɗaya zai ɗauka. In za ku ambaci Ɗantata, ku ambace shi da tsantseninsa.

Iyaye, ku ma ba ku fita ba. Hajiya, ke da ba kya sayen tumatir na dala ashirin sai kin juya shi kin taya, yaya aka yi kika kwance adashin shekara guda kika miƙa wa yaro don kawai ya ce kamfani? Alhaji, kai da ka yi shekara talatin kana dillancin shanu, ka san ba a biyan la'ada kafin ciniki, me ya hana ka tambayi ɗanka wane irin aiki ne ma'aikaci ke biyan mai aiki kafin ya fara? Na san dalili. Zaman banzan yaro yana ci muku rai, ga maƙwabta na magana, ga ƙasa a halin da take ciki na rashin tsaro, aiki ya yi wuya, mutanen ƙauyuka sun cika gari. Duk gaskiya ne. Amma tausayin da ba tambaya a cikinsa shi ke jefa yaran nan. Kuma in abin ya fashe sai a rufe, wai kada a ji kunya, a bar na gidan gaba shi ma ya faɗa. Limamanmu da ke wa'azi kan tsawon wando, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana cikin Baƙara, kuma kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A ba ta huɗuba guda mana.

Wanda duk zai karɓi wakilcin wani daga yau, ya kai takardar wurin wanda ya iya Faransanci ya karanta masa ita layi-layi, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ya je ya zauna mako biyu a shagon wanda ya shekara uku yana yi, ya ga littafinsa in zai nuna masa. Ya sayi nasa littafin kafin ya sayi fenti. In kuwa aka ce sai ya biya kafin a ɗauke shi, kuma samunsa ya rataya ga kawo waɗansu, ya tashi ya bar wurin ko sallama kada ya tsaya yi. Ku kuma da kuka riga kuka kira 'yan'uwanku, ku sake kiransu yau, ku gaya musu kada su sayar da komai, kada su hau mota.